Mai Ratsi Ba Ta Shan Ruwan Famfo

"Ba zan fitar da ita ba, Goggo."

A hankali na faɗa, kaina a sunkuye, tsumman goge ganye a hannuna. Amma duk wadda ta taɓa zama gida ɗaya da yayar mahaifinta ta san ba ƙarfin murya ake aunawa ba. Wannan "ba zan" ɗin ita ce laifin.

Goggo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, carbi a hannu, hijabinta ruwan toka ya zame gefe guda. Ita ta riƙe mu ni da Yaya tun rasuwar Umma, kuma ba ta saba faɗin magana sau biyu ba.

"Me kika ce, 'yar boko? Maimaita, kunnena ya tsufa."

"Cewa na yi in na kai ta tsakar gida rana za ta kashe ta."

"To ta mutu mana! Mutum ce? Ke, da idona na gani. Jiya da ake gyaran silin ɗakina na shigo nan na yi magariba. Ina sallamewa na juya, sai ga ganyen nan duk sun miƙe tsaye sun haɗe, kamar masu roƙon Allah. Har motsinsu na ji. Shekarata sittin da biyu a duniya ban taɓa ganin ciyawar da ta san lokaci ba."

"Halittarta ke nan, Goggo. A ƙarƙashin kowane ganye akwai ɗan kumburi kamar gwiwa. In yamma ta yi sai ruwa ya cika gefe ɗaya..."

"Gwiwa! Kun ji ba, har gwiwa gare ta! Shi ya sa wata biyar bawan Allah yana zarya a gidan nan kina ta 'bari in yi tunani'. Yanzu da Allah ya sa kika amsa, iyayensa za su zo Asabar ta sama, ba zan zuba ido abin nan ya sake juya miki kai ba. Kafin ranar ba na son ganinta a gidan nan."

Ta ja ƙofar da ƙarfi har labule ya tashi.

Bari in gabatar muku da mai laifin. Fulawa ce ta cikin ɗaki, tsayinta har da tukunya bai wuce gwiwata ba. Ganyenta faffaɗa ne kamar tafin hannu, kore mai haske, da ratsi-ratsi masu duhu da suka taso daga jijiyar tsakiya zuwa baki, ka ce wani ne ya zauna da buroshi ya ja su ɗaya bayan ɗaya. In ka juya bayan ganyen kuma shunayya ne. Yaya yana ce mata jakin dawa. Ni Mai Ratsi nake kiranta.

A hanyar bola na tsince ta, shekara huɗu da suka wuce. Lokacin na gama digirina a kimiyyar sinadarai da sakamakon da har Abba ya sa aka yi masa gilashi, amma aiki shiru. Ranar ina saukowa daga bene na uku na wani ofis, inda aka ce mini "za mu kira ki" karo na goma sha ɗaya, sai na haɗu da wani dattijo mai shara ɗauke da tukunya zai zubar. Ganye biyu suka rage mata, bakinsu ya ƙone kamar an lasa da wuta.

Na ce, "Baba, me ya same ta?"

Ya ce, "Wa ya sani, 'yata? Kullum ina ba ta ruwa, kullum ina fitar da ita ta sha rana. Ta uku ke nan da ta mutu a hannuna."

Maganar ta tsaya mini a rai. Yaya za a yi abu ya samu ruwa kullum, ya samu rana kullum, ya mutu? Ba tausayi ne ya sa na karɓe ta ba, gaskiya zan faɗa muku. So nake in sani. Na rungume ta a cikin bas da farar rigar neman aikina, ƙasa tana zuba mini a cinya, wata mata tana ta matsawa tana tsaki.

Shekara biyu da rabi na ƙara yi a gida bayan nan. Kun san irin zaman. 'Yan uwa su zo su ce, "Har yanzu dai?" Ƙawaye su turo hoton tebur ɗin ofis. Yaya ya leƙo da safe ya ce, "Farfesa, yau wace lacca za a yi wa tukwanen kicin?" Ban taɓa yin kuka a gaban kowa ba. Littafi na saya mai bango ja, na raba shi biyu: gaba sunayen wuraren da na kai takarda, baya kuma Mai Ratsi.

Na fara da matsar da ita daga taga. Taku biyu daga gilashi, a bayan farin labule mai shara-shara, nan ta daina naɗe ganye. Amma bakin ganyen bai daina ƙonewa ba. Na rage ruwa, ya ƙone. Na ƙara, ya ƙone. Sai wata rana ina wanke butar shayi na ga farin abin nan da ke daskarewa a gindinta, na tsaya da soso a hannu kamar an dasa ni. Gishirin cikin ruwan famfo ne, da maganin da ake zuba masa. Mu muna sha muna wucewa, ita kuwa a bakin ganye yake taruwa. Ruwan sama na farko da ya sauka na fita da bokiti uku, Goggo tana ƙwala mini kira wai zan yi mura. Sati uku bayan nan wani sabon ganye ya fito a naɗe kamar takarda, ya buɗe, bakinsa lafiya lau. Ranar na yi rawa ni kaɗai a ɗaki.

Sauran na koye su da kaɗan-kaɗan. Ba a ba ta ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji gaɓar farko ta bushe. Tukunyar dole da huji a ƙasa. Ina ɗora ta a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, don tana son iska mai danshi amma ba ta son gindinta a jiƙe. Fanka ba ta kallonta. Ganye kuma tsumma mai laima kawai, ba mai, ba sabulu. Ranar da aka kira ni ganawa a ɗakin gwajin ruwa inda nake aiki yanzu, tambayar farko a kan gishirin ruwan famfo ce. Minti goma na yi ina magana, sai da shugaban wurin ya ɗaga hannu yana dariya ya ce ya isa.

Ganyenta arba'in da uku ranar da Goggo ta ce in fitar da ita.

Da la'asar ɗin ranar Injiniya, mai neman auren nawa, ya zo. Abokin Yaya ne, sola yake haɗa wa gidaje da ma'aikatu, kuma ya gama gina gidansa a bayan gari. Dogo ne, yana da wushirya, kullum akwai abin gwada wuta a aljihun gabansa ko da fararen kaya ya sa. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Zuwansa na farko gidanmu ya gyara makunnin falo kafin ya zauna. Zuwa na biyu ya ɗaure marfin firji. Goggo tana ce masa "ɗan albarka" tun kafin ya cire takalmi.

Na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi baƙi, na ɗan goga turare a wuyan hannu, na fito da tire.

"Likitar ruwa," ya ce yana murmushi, "an ce yau an yi yaƙi a gidan nan."

"Wa ya kai maka rahoto?"

"Ina da wakilai. Ɗauko mini ita in ga wadda nake takara da ita."

Na ɗauko ta na ajiye a kan teburin tsakiya. Ya sunkuya, ya juya ganye ɗaya, ya ga shunayyar, ya ɗaga gira. "Kai! Gaba da baya daban. Amma wannan 'yar tukunyar ƙasar ai ta yi mata kaɗan. Kuma duhun ɗaki kika ajiye ta?"

Zuciyata ta yi fari, don ba wanda ya taɓa tambayata komai a kanta. Na gyara zama. "Ai asalinta daga ƙarƙashin manyan itatuwa take, a daji mai yawan ruwa. Hasken da ke isa gare ta..."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya yi minti shida yana faɗa da wani a kan batir. Da ya gama ya ce, "Na gane, na gane. Ki bar mini komai, zan daidaita ku da Goggo."

Me ya gane? Na so in tambaya. Amma sai ya ciro wata 'yar fitila daga aljihu ya ce ta karatu ce, da hannunsa ya haɗa mini, kuma ya yi dariyar nan mai wushirya. Na haɗiye tambayar. Wata biyar ina nazarin mutumin nan kamar yadda na yi nazarin Mai Ratsi: me ke sa shi fara'a, me ke sa shi shiru, me ya sa yake tsayawa gaida mai gadi da hannu biyu. Abu ɗaya ne na kasa ganowa, ko yana jin ƙarshen magana.

Ranar Lahadi aiki ya tura mu ƙauyuka ɗibar ruwan rijiyoyin burtsatse, kwana biyar. Kafin in tafi na ba ta ruwa, na cika farantin tsakuwa, na ja labule. Na samu Abba a falo yana karanta jarida.

"Abba, don Allah kar a taɓa ta. Ba ta buƙatar komai har in dawo."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Ba wanda zai zubar miki da fulawa. Je ki, Allah ya tsare."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya zubar.

Kwana uku muna yawo da kwalabe a akwatin ƙanƙara, saƙon Injiniya yana shigowa duk inda sabis ya kama. "Kin ci abinci?" "Rana ba ta yi miki yawa ba?" "Ina shirya miki wani abu, kar ki tambaya." Ni kuma ina ta tsokanarsa: "Fitila ce ta biyu?" Ya ce, "Ta fi fitila."

Ranar Laraba da azahar, muna zaune a gindin wata bishiya muna jiran direba, hoton ya shigo.

Baranda ce a saman bene, gilashi daga ƙasa har sama, tayil fari yana ƙyalli. A tsakiya wata ƙatuwar tukunyar tangaran mai ruwan zinariya a kan ƙafafun ƙarfe. A ciki Mai Ratsi, ganyenta yana walƙiya kamar an shafa masa mai. Wani siririn tiyo baƙi ya zagayo ta bango ya shiga ƙasarta. Inuwar tukunyar ta faɗo a kan tayil, baƙa ƙirin, mai kaifi.

A ƙasa ya rubuta: "Ta riga ki tarewa. Goggo ta huta, ke ma kin huta. Na haɗa mata na'ura, sau uku a rana take ba ta ruwa da kanta."

Na rubuta: "Tun yaushe take nan?"

"Tun Lahadi da yamma. Na jira a gama ƙafafun ne kafin in nuna miki."

"Barandar ina take kallo?"

"Yamma. Rana tana cika ta har magariba."

"Ruwan daga ina?"

"Tankin burtsatse mana."

"Tukunyar tana da huji?"

Sai ya turo fuskar dariya. "Huji kuma? Ta ɓata mini tayil? Likita, ba ki ce ta yi kyau ba."

Na kira, sabis ya ɗauke. Na hau kan wani tudu ina ɗaga waya sama kamar mahaukaciya, abokan aikina suna kallona. Da ƙyar saƙo ɗaya ya fita: "Don Allah ka kashe na'urar, ka shigar da ita inuwa yanzu." Amsar ba ta zo ba sai da yamma: "Ina wajen aiki a wani gari, sai gobe. Kwantar da hankalinki, fulawa ce, rana ai abincinta ce."

Ranar Alhamis motar ofis ta sauke ni a bakin titi da kayan aiki a jikina, wando da doguwar riga mai ƙura, takalmin roba, hular rana a kan ɗankwali. Ban je gida ba. Na tari tasi na ba shi kwatancen da Injiniya ya taɓa turo mini.

Na same shi a can tare da babbar yayarsa, wadda suke ce wa Anti, ta zo auna tagogi don labule. Mace ce mai jiki, leshi ruwan hoda, zobe a yatsu uku. Na gaishe ta har ƙasa. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi ta ce, "Ikon Allah. Wannan ce amaryar tamu?"

"Daga aiki take, Anti," in ji Injiniya. "Zo ki gani, Likita."

Tun daga matakala na ji zafin barandar. Da ya buɗe ƙofar gilashin sai ya tsaya cak, don shi ma tun ranar Talata da ya ɗauki hoton bai hau ba.

Ganyen sun naɗe kamar sigari. Na sama sun koɗe sun yi fari, ratsin ya ɓace. Wasu sun yi ruwan ƙasa suna karyewa da taɓawa. Man da aka shafa musu ya kama ƙura ya yi danƙo. Na tura yatsa cikin ƙasar, ya nutse har gindi cikin caɓi mai ɗumi, wani wari mai tsami ya taso.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. A wannan lokacin, da zuciyata tana tafasa, idona ya kai kan na'urar da ke manne a bango. Ƙaramin akwati ne da ya yanka da hannunsa, da agogo a ciki, da ɗan faifan sola a sama, wayoyin a jere tsaf kamar kitso. Sai na ga filasta a babban yatsansa. Wani ɓangare na kaina yana ta tambaya, yaya ya yi ta san lokaci? Yaya take auna ruwan? Aiki ne mai kyau ƙwarai. Da ya tambaye ni tambaya ɗaya tak, da ya fi kowane aiki kyau.

"Subhanallahi," ya ce. "Ranar Talata fa lafiya lau take."

"Wa ya ba ka ita?"

"Goggo. Na ce zan kai ta inda ya fi..."

"Ka tambaye ni?"

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ka ba ni." Na durƙusa na fara tone ƙasar da hannu. "Rana tana ƙona ta. Ruwan burtsatse yana ƙona ta. Tukunya marar huji tana ruɓar da saiwarta. Mai yana toshe mata ganye. Abu huɗu ne a duniya ba ta so, ka haɗa mata su a rana ɗaya. Kuma ranar nan a falo na fara faɗa maka, ka ce ka gane."

"To yi haƙuri. Gobe zan sa a kawo miki goma irinta."

"Ba goma nake so ba. Wannan nake so."

Na san muryata ta hau. Anti ta ajiye abin awonta ta matso bakin ƙofa. "Ke yarinya, a kan ciyawa kike ɗaga wa ƙanina murya? A gidansa? Mutum ya kwana biyu yana ƙona yatsa dominki, ko sannu babu?"

Da na yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma na ɗago, hannuwana baƙi da caɓi, na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Shekara huɗu na yi ina koyon abin da take so. Minti biyu zai ɗauka ya tambaye ni. In bai tambaye ni a kan tukunya ba, ban san a kan me zai tambaye ni ba in na shigo gidan nan."

Fuskar Injiniya ta canja, irin canjin da ban taɓa gani ba a wata biyar. Anti ta ce, "To. Mun ji." Ta juya ta sauka, takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan matakala.

Na ciro Mai Ratsi da saiwarta, na naɗe a hular ranata, na fito. Bai biyo ni ba. Mai tasi ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, magani ne?" Na ce masa e, don ba ni da ƙarfin bayani.

A tsakar gida, cikin inuwa, na baje jarida. Na wanke saiwar da ruwan saman da ya rage mini a jarka. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi. Fiye da rabi sun yi baƙi sun yi laushi, suna zamewa a yatsa. Na dafa almakashi a ruwan zafi na yanke su ɗaya bayan ɗaya. Na barbaɗa garin gawayi a wuraren yankan. Tsohuwar tukunyarta na same ta a bayan kicin, Goggo har ta zuba mata toka. Na wanke, na haɗa sabuwar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi. Sannan na koma kan ganyen. Duk wanda ya mutu sai an cire shi daga tushe, don kar ta ɓata ƙarfinta a kansa. Ina yanka ina ƙirgawa, ban san me ya sa ba. Bakwai suka rage, su ma da tabo.

Ina cikin wanke man da ke jikinsu Yaya ya faɗo gidan ko sallama babu.

"Farfesa! Me kika je kika yi? Anti ta kira Goggo, Goggo ta kira ni ina tsakiyar aiki. Wai kin zage su a gidansu?"

"Ban zagi kowa ba."

"Kin ce ba ya jin magana!"

"Cewa na yi bai tambaya ba."

"Abokina ne fa tun muna aji ɗaya! Da wane ido zan kalle shi? A kan jakin dawa?"

Goggo ta fito daga ɗaki tana tafa hannu. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? An fitar da abin nan kwana huɗu gida ya yi sanyi, ta je ta ɗauko shi da hannunta. Wallahi ba haka kawai ba."

"Goggo, ke kika ba shi, bayan Abba ya ce..."

"Abbanku cewa ya yi kar a zubar. An zubar? Gidan bene aka kai ta!"

Abba yana falo, jarida a buɗe, amma na lura shafin bai juya ba.

Da safiyar Juma'a ina ɗaura ɗankwali saƙon Injiniya ya shigo, dogo, ba "Likita", ba fuskar dariya.

"Na yi kuskure a kan fulawar, na yarda. Amma kin kunyata ni a gaban Anti, kuma ita ce uwa a wurina. Abu biyu nake so kafin gobe. Ki kira ta ki ba ta haƙuri. Sannan fulawar nan ki bayar da ita. Anti ta rantse ba za ta taka gidan da take ciki ba, ni ma ba na son in riƙa ganinta ina tunawa. In kin yi, gobe suna nan tafe kamar yadda aka shirya."

Na karanta sau uku a tsaye. Na zauna a bakin gado na sake karantawa. Abin mamaki, ba fushi na ji ba. Tambaya ce ta cika mini kai: shin ya san abin da yake nema? Ya san mece ce ita a wurina? Sai na tuna ban taɓa ba shi labarin dattijo mai shara ba, ko littafi mai bango ja. Sau biyu na fara, sau biyu waya ta yi ƙara.

Na kira Anti kafin in fita. Na ce mata na ɗaga murya a gaban babba, ban kyauta ba, ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana. Ciyawar fa?"

Na ce, "Tana nan, Anti."

Ta kashe wayar.

Sai na rubuta masa: "Na ba Anti haƙuri, da zuciya ɗaya. Mai Ratsi kuwa ba zan bayar ba. Inda zan zauna nan za ta zauna. In kana son sanin dalili, ka zo ka zauna minti goma ka kashe waya, zan faɗa maka tun daga farko."

Ya karanta ƙarfe takwas da minti huɗu. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta ɓace. A wurin aiki na zuba ruwan gwaji a kwalbar da ba tata ba, abin da ban taɓa yi ba, sai da na sake daga farko. Har na tashi ba amsa.

Amsar ta wajen Abba ta biyo. Bayan la'asar kawun Injiniya ya kira shi ya ce zuwan gobe an ɗaga, sai sun yi shawara. Ba su sa wata rana ba.

Yau Asabar. Kujerun da Yaya ya aro suna jingine a bango, ba wanda ya sauke su. Sabon labulen falo da Goggo ta ɗinka yana rataye, ita kuma tun jiya ba ta amsa gaisuwata. In za ta ba ni saƙo sai ta faɗa wa bango. Yaya ya ce daga Litinin in nemi mai kai ni aiki. Abba ya aiko in same shi gobe da safe, ni kaɗai, kuma ban san ko wane ɓangare zai tsaya ba. Mai Ratsi tana da ganye bakwai da rabin saiwa, sai nan da sati uku zan san ko za ta rayu. Yana yiwuwa na yi duk wannan a kan abin da ya riga ya mutu.

Goggo tana zaton fulawa ce ta hana ni son mutumin nan. Yaya yana zaton girman kai ne. Da haka ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ina sonsa. Ban taɓa faɗa masa ba, ban faɗa wa kowa a gidan nan ba, ku ne na farko da kuka ji. Ina sonsa, na ce masa a'a, kuma yau ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu.